Jel ɗin tsirrai a kan ciwo: da gaske yana kashe ƙwayoyin cuta? Tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa jinyar ciwon da ya ƙi warkewa ya san yadda shawara ke zuwa ta ko'ina. Wannan ya ce a shafa ruwan ganye kaza, wancan ya ce ga wani sabon jel da aka haɗa da tsirrai zalla, ba sinadari ko ɗigo. A cikin maganganun akwai gaskiya, akwai ƙari, akwai kuma wanda zai iya jawo wa mutum asarar ƙafa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi a kan wannan batu.

Me ake nufi da jel ɗin tsirrai?

Abu uku ne mabambanta ake kira da suna ɗaya, kuma daga nan ruɗanin ke farawa.

Na farko shi ne wanda tsiro ya yi da kansa, kamar farin yauƙin da ke cikin ganyen alo bera. Kusan kashi 99 cikin 100 nasa ruwa ne. Ɗan abin da ya rage wasu dogayen sinadarai ne dangin sukari, waɗanda ke riƙe ruwan ya tsaya cak bai zube ba, kuma wanda aka fi yin bincike a kansa ana kiransa acemannan.

Na biyu shi ne wanda masana'anta ke haɗawa daga abin da aka tatso daga tsiro: selulos na itace ko auduga, pektin na ɓawon 'ya'yan itatuwa, ko aljinet da ake samu daga ciyawar teku mai ruwan ƙasa. Irin waɗannan sun daɗe a asibitoci. Aikinsu riƙe danshi ko tsotse ruwan ciwo, kuma su kaɗai ba sa kashe ƙwayar cuta.

Na uku shi ne jel ɗin da aka zuba wa wani abu mai kashe ƙwayoyin cuta daga tsiro, kamar man ganyen melaleuca na Ostireliya, ko man kanumfari, ko sinadarin kurkum. A nan jel ɗin ɗan aike ne kawai, abin da aka ɗora masa ne ke yin faɗan. Don haka in an ce maka jel na tsirrai ne, tambayar farko ita ce: wanne daga cikin ukun?

Ba an ce a bar ciwo ya sha iska ya bushe ba?

An daɗe ana faɗar haka, har a asibiti. A shekarar 1962 wani masani a Ingila, George Winter, ya wallafa gwajin da ya yi a fatar aladu. Ya yi ƙananan raunuka, ya bar wasu a buɗe suka yi ɓawo, ya rufe wasu da siririyar leda suka zauna da danshi. Waɗanda aka rufe sun yi sabuwar fata da saurin da ya kusan ninka na sauran. Dalilin ba mai wuyar ganewa ba ne: ƙwayoyin halittar sabuwar fata rarrafowa suke yi daga bakin ciwo zuwa tsakiya. Idan wurin na da laima sai su bi ta sama su wuce. Idan akwai busasshen ɓawo, dole su nutsa ƙarƙashinsa suna haƙa hanya.

A ganina mafi yawan alherin da mutane ke gani daga jel ɗin tsirrai daga nan yake fitowa. Yana sanyaya wurin, yana rage raɗaɗi, yana hana bandeji manne wa ɗanyen nama, yana tausasa mataccen nama har jiki ya kawar da shi. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Sai dai danshi ma yana da iyaka. Ciwon da ke zubar da ruwa da yawa in aka ƙara masa jel, fatar gefensa za ta jiƙe ta yi fari ta saki, kamar yatsun wanda ya daɗe yana wanki, ciwon ya ƙara faɗi.

To yana kashe ƙwayoyin cuta ko ba ya kashewa?

A ɗakin gwaje-gwaje, da yawa suna kashewa, kuma babu mamaki. Tsiro ba ya gudu, ba ya da garkuwar jiki irin tamu, da sinadarai yake kare kansa daga ruɓa da ƙwari. Eugenol na kanumfari, cinnamaldehyde na kirfa, allicin na tafarnuwa, terpinen-4-ol na melaleuca, duk an tabbatar suna yi wa bakteriya lahani. Yawancin masu maiƙon nan huda fatar ƙwayar cutar suke yi, abin da ke cikinta ya tsiyaye. Wasu kuma, irin tanin na ɓawon itatuwa, daskarar da furotin ɗinta suke yi.

Ga yadda ake gwajin da aka fi yi. Ana ɗauko ƙaramin faranti mai murfi, an zuba masa abincin bakteriya ya daskare. A shafe fuskarsa da ƙwayar cutar da ake so a gwada, misali Staphylococcus aureus, wadda ta fi kowace yawan shiga ciwon fata. Sai a huda ɗan rami a zuba jel ɗin, a sa a na'urar ɗumi mai zafin jikin mutum, digiri 37, ya kwana. Da safe za ka ga farantin ya yi hazo da bakteriya, amma kewaye da ramin akwai zobe garau inda ba su iya tsiro ba. A auna faɗin zoben da milimita a rubuta. Yawancin labaran da ke cewa an gano tsiro kaza yana kashe ƙwayoyin cuta, wannan zoben ne tushensu.

Alo bera shi kaɗai, a irin wannan gwaji, ƙarfinsa kaɗan ne in aka kwatanta da mayukan da na ambata.

In ya kashe su a faranti, me zai hana ya kashe su a ciwo?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan, kuma masu talla ba sa son a tsaya a kanta.

Faranti wuri ne shimfiɗaɗɗe, mai tsabta, ba abin da ke motsi. Ciwo kuwa yana da lunguna da ramuka, yana tsatstsafo da ruwa dare da rana. Ruwan yana surka maganin, furotin ɗin jini da mugunya suna kama shi su kashe masa kaifi. Abin da ya yi ƙarfi a ramin faranti, bayan awa biyu a ciwo yana iya zama ba komai.

Sannan bakteriyar da ke tsohon ciwo ba a warwatse suke ba. Sukan taru su manne wa naman, su lulluɓe kansu da wani yauƙi da suke fitarwa, su zauna a ciki kamar masu ganuwa. Masana na kiran wannan biofilm, kuma ana samunsa a mafi yawan gyambon da ya daɗe. Ƙwayar cutar da ke cikinsa tana iya jure magani ninki ɗari, wani lokaci har ninki dubu, fiye da 'yar'uwarta da ke yawo ita kaɗai. Shi ya sa ma'aikacin jinya ke kankare ciwo ya cire mataccen nama kafin ya sa komai. Majinyaci na ganin mugunta ce, alhali ganuwar ake rushewa. Duk jel ɗin da aka shafa a kanta ba tare da an fasa ta ba, a waje zai tsaya.

Abu na uku shi ne abin da ke huda fatar bakteriya yana iya huda ta ƙwayoyin halittar da ke gina sabon nama. Alexander Fleming, tun kafin ya gano penisilin, ya yi aiki a asibitin sojoji a Boulogne ta Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. A can ya nuna cewa magungunan wanke ciwo na zamanin suna kashe fararen ƙwayoyin jinin da ke kare mutum, amma ba sa kai wa ga bakteriyar da ta ɓuya a can cikin lungunan rauni. Matsalar har yau tana nan, kuma ba ta bar man tsirrai a baya ba. In an sa kaɗan bai kashe cutar ba, in an sa da yawa ya ƙona naman. Nemo wannan tsakiyar shi ne aikin da ke cin shekaru.

Me bincike a kan mutane ya nuna game da alo bera?

Tarihinsa dai mai tsawo ne. An ambace shi a takardar magani ta Ebers ta tsohuwar Masar, wadda aka rubuta wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma likitan Girka Dioscorides ya rubuta amfaninsa ga raunuka a ƙarni na farko. Amma daɗewa daban, hujja daban.

A ɓangaren ƙuna marar zurfi akwai abin ƙarfafa gwiwa. A 2007 wasu masu bincike a Tailan sun tattara gwaje-gwaje 4 da suka shafi mutum 371, suka ga waɗanda aka yi wa amfani da alo bera sun riga sauran warkewa da kusan kwana 9. Su da kansu sun ja hankali cewa gwaje-gwajen sun sha bamban da juna, a yi hattara da sakamakon. A 2012 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tace binciken likitanci, ta duba gwaje-gwaje 7 masu mutum 347, ta ce babu hujja mai inganci da za a tsaya a kanta a ce alo bera na warkar da sabon ciwo ko tsoho.

Akwai kuma wani gwaji na 1991 a Amurka da ya kamata kowa ya sani. Mata ne da ɗinkin tiyatarsu ya buɗe, aka bar ciwon ya cike daga ƙasa. Waɗanda aka yi wa jinyar da aka saba sun warke a kwana 53 a matsakaici. Waɗanda aka ƙara wa jel ɗin alo bera sai da suka kai kwana 83. Matan ba su da yawa, amma darasin a bayyane yake: abin da ya taimaki ƙuna ta sama-sama bai zama dole ya taimaki rami mai zurfi ba.

Zan iya yanko ganyen in shafa kai-tsaye?

A kan fatar da rana ta ƙona, ko ƙaramar ƙuna da ta yi ja kawai ba ta fashe ba, babu laifi in an yi da tsabta. A kan buɗaɗɗen ciwo kuwa, ban ba da shawarar haka ba.

In ka yanke ganyen daga gindi ka tsayar da shi, cikin 'yan mintuna za ka ga wani ruwa rawaya mai ɗaci da wari yana ɗiga daga ƙarƙashin koren ɓawon. Wannan ba shi ne jel ɗin ba. Yana ɗauke da aloin, mai sa gudawa in an sha, mai sa ƙaiƙayi da ja a fatar wasu. Sai ya gama tsiyayewa, a wanke ganyen, a fere ɓawon da wuƙa mai tsabta, sannan a kai ga farin naman mai santsi, shi ma a ɗauraye shi. Ko an yi duk wannan, ba a tsarkake shi daga ƙwayoyin cuta ba. Ganye daga ƙasa ya fito, kuma a ƙasa ne ƙwayar tetanus ke zama shekara da shekaru. Jel ɗin kuma ruwa ne da sukari, wato abincin bakteriya, yana fara lalacewa daga lokacin da iska ta taɓa shi. Wanda aka ajiye a kofi tun jiya bai kamata ya kusanci ciwo ba.

Jel ɗin alo bera na kwalliya fa, wanda ke zuwa a roba?

A'a. Juya robar ka karanta abin da aka haɗa: sau da yawa za ka ga barasa, turare da launi. Koren da kake gani ma rini ne, domin ainihin jel ɗin ba shi da launi. Don lafiyayyar fata aka yi shi. Wanda aka yi don ciwo ana rubuta cewa an tsarkake shi daga ƙwayoyin cuta, yana da lambar rajistar hukumar kula da magunguna da ranar daina aiki. Jel ɗin goge hannu shi ma ba na ciwo ba ne.

Akwai maganin ciwo daga tsiro da hukumomi suka amince da shi?

Akwai, kuma labarinsu na faranta mini rai, domin yana nuna ba a rufe wa tsirrai ƙofa ba.

Filsuvez jel ne da aka haɗa da abu biyu kacal: kashi 10 tsantsar sinadarin ɓawon birch, wani itace na ƙasashe masu sanyi, kashi 90 man sunflower. Ana amfani da shi ga masu wata cutar gado, epidermolysis bullosa, wadda fatar mai ita ke yin bororo ta saluɓe da ɗan gogawa kaɗan. An gwada shi a kan mutum 223 a ƙasashe da dama, Tarayyar Turai ta amince da shi a 2022, hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, a Disamban 2023. NexoBrid kuma daga karan abarba ake tatso shi. Gari ne da ake kwaɓawa da jel a shafa wa ƙuna mai zurfi na awa 4, ya narkar da mataccen nama ya bar mai rai, aikin da a da sai da wuƙar tiyata. Turai ta amince da shi a 2012, Amurka a 2022, kuma a asibitin ƙuna kawai ake sa shi. Ga kuma aljinet, wanda masanin sinadarai Stanford ya fara fitarwa daga ciyawar teku a 1881. A bushe yake zuwa kamar auduga, in aka ɗora shi a ciwo mai ruwa sai ya tsotse ya rikiɗe ya zama jel, ranar canji a ɗaga shi a hankali ba tare da ya ɗauko sabon nama ba.

Ka lura da abu ɗaya: ba ɗaya daga cikin ukun da aka yi wa rajista a matsayin mai kashe ƙwayoyin cuta. Ɗaya na hanzarta rufewar ciwo, ɗaya na cire mataccen nama, ɗaya na tsotse ruwa. Inda ake son aljinet ya yi faɗa da bakteriya, azurfa ko zuma ake ƙara masa.

Zuma tana cikin wannan lissafi?

Ba jel ɗin tsiro ba ce kai-tsaye, amma daga furanni ta samo asali, kuma ana haɗa ta cikin jel na ciwo. Hujjarta a kan bakteriya ta fi ta alo bera ƙarfi: sukarinta mai yawa na zuƙe musu ruwa, tana da tsami, tana fitar da hydrogen peroxide kaɗan-kaɗan, ta furen itacen manuka daga Niyu Zilan kuma na da ƙarin sinadarin methylglyoxal mai kashe bakteriya. Ta asibiti ana tace ta a tsarkake ta da hasken gamma mai kashe ƙwayoyin cuta, abin da ba a yi wa ta sha.

Zai iya maye gurbin antibayotik, tunda ƙwayoyin cuta na bijire musu?

Damuwar gaskiya ce. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai-tsaye saboda bakteriya masu bijire wa magani. Wannan ne ya sa masana suka koma ga tsirrai da himma, musamman da yake mai irin na melaleuca yana kai hari ta hanyoyi da yawa lokaci guda, abin da ke wahalar da bakteriya wajen sabawa da shi.

Amma a rarrabe wuraren. Ƙaramar ƙarzuwa mai tsabta tun farko ba ta buƙatar antibayotik, wanki da rufewa sun isa, kuma a nan jel mai kyau zai iya rage shafe-shafen maganin da ba dole ba. Idan kuwa cutar ta wuce bakin ciwo ta shiga nama ko jini, babu abin shafawa, na tsiro ko na masana'anta, da zai bi ta can. Sai maganin sha ko allura daga likita. Wanda ya tsaya shafa jel a wannan hali, garin neman gira zai rasa ido.

Tunda na halitta ne, ai ba shi da illa ko?

Yana da ita. Ɗanyar tafarnuwa da aka daka aka ɗaure a fata tana ƙona ta har ta yi bororo, likitoci sun sha ganin haka, har a jikin jarirai. Man melaleuca guba ne in an sha, kuma wanda ya daɗe a buɗe iska da haske suka taɓa shi ya fi saurin tayar da ƙuraje. Man kirfa da na kanumfari in ba a surka su ba suna cin fata. Alo bera kansa akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarsa.

Kafin ka yi amfani da sabon jel, shafa kaɗan a cikin dantsenka inda fata ke lafiya, ka bar shi kwana ɗaya. In wurin ya yi ja, ƙaiƙayi ko kumburi, ka bar shi. Jarirai da masu juna biyu kuwa, a tambayi likita tukuna.

Mutum ya ƙone yanzun nan, in shafa masa jel?

Ruwa tukuna. A sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi mai gudana na minti 20, ba ƙanƙara ba. A cire zobe, agogo ko awarwaro kafin wurin ya kumbura, amma kada a fizge tufar da ta manne. Kada a fasa bororo. Ko jel ɗin da aka yi musamman don ƙuna bai kai ruwa iya fitar da zafin da ya shige cikin nama ba, amfaninsa na zuwa ne bayan an sanyaya, ko inda ba ruwan. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita girma, ko ta fuska, hannu, ƙafa, gaɓa ko al'aura, ko wadda ta yi fari ko baƙi kuma ba ta zafi, ko ta lantarki ko sinadari, ko ta ƙaramin yaro, a rufe ta da tsabtataccen ƙyalle a tafi asibiti ba tare da an shafa komai ba, domin likita na buƙatar ganin zurfinta.

Wane ciwo ne bai kamata a gwada masa jel a gida ba sam?

Ciwon ƙafar mai ciwon suga shi ne na farko. Jijiyoyinsa na iya mutuwa har ya daina jin zafi, jini kuma ba ya isa ƙafar sosai, sai ƙaramin miki a tafin ƙafa ya ci har ƙashi mai shi yana ta yawo a kai. Haka cizon kare, kyanwa ko mutum, sukar ƙusa, rauni mai zurfi da ke buƙatar ɗinki, ɗinkin tiyata, mikin kwanciya, da duk ciwon da ya yi mako 2 bai nuna alamar rufewa ba. A raunin da ƙasa ko tsatsa ta shiga, a tambayi batun allurar tetanus, musamman in an wuce shekara 5 da yin ta ƙarshe.

Ko ƙaramin ciwo ne, a daina jinyar gida in zafi na ƙaruwa maimakon raguwa, ko ja da kumburi na faɗaɗa, ko mugunya da wari sun bayyana, ko bandeji ya fara yin kore-kore, wanda sau da yawa alamar wata bakteriya ce mai suna Pseudomonas. Wata dabara mai sauƙi: zagaye iyakar jan da biro da dare. In da safe ya tsallake layin, a tafi asibiti ranar. Jan layi mai hawa sama daga ciwon, kaluluwa, zazzaɓi ko rawar ɗari kuwa ba sa jiran wayewar gari.

In ƙaramin ciwo ne, yaya ake amfani da shi daidai?

Wanke hannunka da sabulu. Danne wurin da ƙyalle mai tsabta har jini ya tsaya, sannan ka wanke shi sosai da ruwa mai tsabta mai gudana har yashi da datti su fita. Wannan wankin ya fi duk abin da za ka shafa daga baya rage ƙwayoyin cuta. Tsane fatar gefe, ka matso jel ɗin a kan tsabtataccen ƙyallen ɗaure ciwo, kada bakin robar ya taɓa raunin. Siriri ya isa, a kan ciwon kawai ban da lafiyayyar fatar da ke kewaye. Rufe da bandeji, ka canza kullum ko duk lokacin da ya jiƙe ko ya yi datti, kuma a kowane canji ka dubi wurin da kyau a cikin haske. Jel ɗin da aka rubuta na amfani sau ɗaya ne, a yar da ragowarsa ko da rabi ya saura, domin daga lokacin da aka buɗe shi tsarkinsa ya ƙare.